Gwaggo Mai Kamfas, Mai Tsaron Ɗakin Sanyi

Ƙarfe bakwai na safe Gwaggo ke buɗe ɗakin sanyi na masu bincike a jami'a. Ta cire agogo da 'yan kunne, ta ɗauko wani tsohon kamfas, irin wanda matafiya ke neman alƙibla da shi. Duk abin da zai shiga firjin bincike, ko sukuru ɗaya ne, sai ta zagaya shi da kamfas ɗin tukuna. In allurar kamfas ɗin ta motsa, to ya koma inda ya fito. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki.

Firjin nan ba na ruwan sha ba ne. Kwana uku yake ɗauka kafin ya kai sanyin da lantarki zai bi waya ba tare da wani cikas ba. A cikinsa akwai na'urar da ke jin ƙwayar haske guda ɗaya tak, kusa da ita kuma ɗan faranti kamar farcen yatsa, mai ƙirga ƙwayoyin. Abu ɗaya ne farantin ba ya shiri da shi: maganaɗisu. In ya yi sanyi kusa da shi, sai maganaɗisun ya maƙale a cikinsa, ƙirga ta rikice.

Masu digiri sun sha yi mata dariya. Farfesa, shugaban binciken, kan ce, “Gwaggo, yau ma ɓata muka yi a hanya?”

Ta ce, “Da sauranku dai, ranka ya daɗe.”

Ku tambayi Uwar Biyu, ɗalibar da ta shekara huɗu tana zana farantinta tsakanin goyo da karatu. Na ƙarshen da ya rage mata aka sa a firji, a makon da Gwaggo ta tafi jinyar ƙanwarta. Aka haska ƙwaya goma, ya ƙirga goma sha bakwai. Farfesa ya ce zanen ne ya lalace, a sake daga farko. Ita kuwa wata biyu ya rage mata a makarantar.

Gwaggo ta dawo ta iske ta tana kwashe takardunta.

“'Yar nan, wa ya ɗaure farantin?”

“Farfesa da kansa, Gwaggo.”

“Da kansa? To ajiye jakar nan.”

Da firjin ya huce aka buɗe, ta bi sukuru ɗaya-ɗaya da kamfas. A kan na shida allura ta karkata. Na baƙin ƙarfe ne aka sa maimakon na tagulla, ga shi ya sha maganaɗisu. Gwaggo ba ta ɗaga kai ba. Farfesa ne ya sa hannu a aljihu a hankali, ya fito da sukundireban da yake taƙama da shi, mai maganaɗisu a baki, wanda ba ya yar da sukuru.

Ya ce, “Gwaggo, ashe mun ɓata ɗin.”

Aka canza, aka jira kwana uku. Aka haska goma, ya ƙirga goma. Uwar Biyu ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka.

Gwaggo, ke ce ba a rubuta sunanki a kan takardar binciken ba, kuma ba ki taɓa tambaya ba. Ke ce kika gane kuskuren babba, kika bar shi ya faɗa da bakinsa. Mai idon allura, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku da kuka rage a ɗakin, da ku da ke wasu wuraren aikin, kada ku raina ɗan binciken da ake yi kafin a rufe murfi. Kamfas ɗin kuwa, Gwaggo ta ce ba za ta tafi da shi ba. Jiya aka ga Farfesa a bakin ƙofa riƙe da shi, yana zagaya aljihunsa kafin ya shiga.