Kwalba Ɗaya Tsakanin Dattawa Biyu

Kuwabara Fumie mace ce mai zafin nama, ita ke shirya fitar shaƙatawa ta shekara-shekara ta kamfaninsu na kwali a Kofu. Bana maigida ya ce mata in Ogata, shugaban 'yan talla, da Shimizu na sito suka dawo ba su daina gaba ba, fita ta ƙare ke nan.

Ta kwashi mutum ashirin da bakwai zuwa gonar inabi a Katsunuma. Wurin ɗanɗana giya ta haɗa dattawan biyu a teburi guda da kwalba ɗaya, ta hana kowa matsowa. A al'adarsu kuwa babba ba ya zuba wa kansa a gaban jama'a, abin kunya ne.

Kowa na sha, su suna hararar kwalba. Can Ogata ya gaji.

"Kai tsoho, miƙo kofinka, ƙishi zai kashe ni."

"Sai yanzu? Cika shi, marowaci," in ji Shimizu. Ya karɓi kwalbar ya zuba masa shi ma.

Aka shiga mota suna ta musun wace giya ta fi daɗi. Maigida ya juyo ya ce, "Fumie, baɗi ina za ki kai mu?"