Randar da Na Mayar Bayan Rumbu

Shekarun baya, za a yi shida ko bakwai yanzu, aka yi wa 'yata ta fari aikin rage tumbi. Ni ban taɓa jin irin wannan aiki ba sai a kanta. A birni take aure, mijinta ɗan kasuwa ne, kuma tun haihuwarta ta uku jiki ya buɗe mata har ya wuce misali. Da farko murna nake yi. In ta zo ƙauyenmu a ƙasar Gezawa, mata su ce, "Kai, hutu ya karɓi 'yarki." Sai ga suga, sai ga hawan jini, har ta kai sallah ma a zaune take yi. Likitoci suka ce a rage mata tumbi don cin abinci ya ragu. Na ce, tumbin da Allah ya halitta? Ba wanda ya saurare ni. Aka yi aiki, aka gama lafiya.

Da aka sallame ta, surukina ya kawo ta gida jinya. Ni kuwa jinya ba baƙuwata ba ce. Na yi wa mata jego ba adadi, na yi jinyar mahaifinta har Allah ya karɓi abinsa. Abin da na sani shi ne, wanda aka taɓa wa ciki kwanciya yake yi, kada ɗinki ya warware. An ce ba tsaga ta aka yi ba, 'yan huji ne kawai. Na ce huji ai huji ne.

Ta zo da takardar likita, rubutu gaba da baya. Ban yi boko ba, don haka na ce, "Ke, karanta min." Da yake 'yar fari ce, ba na kiran sunanta.

Ta karanta. Ba tuwo, ba nama, sai romo da kunu mai ruwa-ruwa. Ruwan sha kurɓi-kurɓi duk wuni. Magani safe da yamma.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

Na ga ta leƙa bayan takardar ta ninke da sauri. Ni da ko kaza ce ta sauya wurin kwana sai na lura, ranar nan na bar abin ya wuce.

Kwana tara na kwantar da ita. Na jawo ƙaramar randa har gefen katifa, na ajiye buta a bakin ƙofa. In ta motsa in ce, "Ina zuwa? Koma." Ita kuma ba musu, ta koma ta rungumi wayarta. Masu zuwa dubiya suna ta yaba min, wai na iya riƙon mara lafiya, ni kuma ina gyara zama.

Rana ta goma ina shafa mata mai na ga ƙafarta ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, tana sheƙi, ga zafi kamar an ɗora ta a murhu. Na san kumburin masu ciki, amma shi ƙafa biyu yake kamawa. Ƙafa ɗaya ban yarda da ita ba. Na sa aka kira surukina, kafin azahar muna asibiti a birni.

Wata likita ta yi mata hoton ƙafar. Ta ce jini ya fara daskarewa a jijiya, kuma in gudan ya ɓalle ya haura ƙirji, ana iya rasa mutum kafin a tayar da mota. Sannan ta tambaya, "Tana yin tafiyar da aka rubuta mata?"

Na ce, "Wace tafiya?"

Likitar ta karɓi takardar, ta juya bayanta, ta karanta min. Tun ranar farko a tashi a taka, sau da yawa a wuni, kullum a ƙara kaɗan. Kada a daɗe a kwance. Ta dube ni ta ce, "Baba, ke ce mai jinyar?"

Na ce, "Ni ce. Ni na kwantar da ita."

Muka yi kwana biyu ana yi mata allura, aka ba ta maganin tsinka jini, aka ce ta koma ta riƙa takawa a hankali, in ta ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe a dawo da ita nan take.

Muka dawo gida. Sai da surukina ya tafi na ce, "Kin karanta min rabin takarda don kin san ban iya ba."

Ta fashe da kuka. Ta ce, "Inna, shekara goma ban yi tafiyar da ta wuce daga ɗaki zuwa mota ba. In na yi taku ashirin haki nake kamar zan mutu, mutane kuma suna kallona. Kunya nake ji."

Ban iya lallashi ba, ban kuma fara koyo ranar ba. Na tashi na kwashe ruwan randar nan, na mirgina ta har bayan rumbu, can ƙarshen gida kusa da turken awaki. Na ajiye ludayi ɗaya a kai, na kwashe duk wani kofi da ke ɗakin. Tunda kurɓi-kurɓi aka ce, to kowace kurɓa sai an taka an same ta.

"Inna, ƙishirwa nake ji."

"Randa na nan inda kika ga na kai ta."

"Ƙafar fa?"

"Ita za ta kai ki."

Ina zaune a gindin darbejiya ina tsince wake, carbi a cinyata, duk zuwa ɗaya in ja ƙwaya ɗaya. Idona kuma na kan leɓenta da yadda ƙirjinta ke ɗagawa, don ban manta gargaɗin likita ba. Ranar farko sau shida ta je, tana dafa bango. Bayan mako guda ta daina dafawa.

Da tsakar gida ya yi mata kaɗan, sai na koma kan waya. Gidanmu ba wuta, a gidan ƙanwata ake cajin waya, ita ke da sola, kuma gidan yana can bayan gonaki. Na ce daga yau mai waya ita ke kai wayarta. Gari na wayewa ta sa hijabi, ni a gaba ita a baya, mu bi burtali tsakanin dawa da gero.

Rana ta biyu muka ci karo da wata maƙwabciyata mai baki. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Matar Alhaji a ƙasa? Ko motar ce ta lalace? Ga shi duk ta zabge, lafiya dai?"

Na ji takun bayana ya tsaya. Na ce, "Lafiya lau, magani take sha. Ke da ƙafafunki ke da lafiya, ina suka taɓa kai ki in ba bakin hanya ba?" Ban waiwaya ba na ce, "Ke, taho." Ta taho.

Akwai ranar da ta zube a gindin ɗorawa ta ce wallahi ba za ta ƙara taku ɗaya ba. Na duba, numfashinta daidai yake, gajiya ce kawai. Na zauna kusa da ita na ce, "Huta. Amma ki sani ba mai zuwa ɗaukar mu." Muka zauna har inuwa ta gusa, sannan ta miƙe.

Kafin a yanke gero kumburin ya sabe, ita ke kai wa 'yan'uwanta fura gona. Wata la'asar na leƙa ɗaki na tarar da ita a tsaye tana sallah, ta yi ruku'u, ta kai goshi ƙasa, ta miƙe ba dafa komai. Na wuce na ba awaki dusa, na ɗan daɗe a can.

Har yau in na tuna kwana taran nan gabana faɗuwa yake yi. Da iyawata na kusa kashe ta, ina zaune ana yaba min. Na ɗauka jinya ita ce ka kawo wa mutum komai har gabansa. Ashe wata jinyar sai ka matsar da abin, ka zauna kana kallo yana wahala, kai ma kana jin ta a jikinka. Tun daga lokacin kuma, duk takardar da ta shigo gidan nan, gaba da baya ake karanta min.

Yanzu gwiwa ce ta kama ni, an ce ni ma in riƙa takawa. Da 'yar tawa ta zo makon jiya, na idar da sallar asuba na nemi rediyona na rasa. Ta ce, "Yana bayan rumbu, Inna, a kan randa." Na harare ta. Ko gezau ba ta yi ba. Na ɗauki sandata na tafi.

Ita ce ma ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na gaya mata in ta gama, sai na sa wani daban ya karanta min.