Faifan Gyaɗar Baba

Jiya a kasuwar Gwaram na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa, sai na tuna Baba, dattijon cocinmu da ya rasu bara. Ban tabbata na gane dabararsa ba har yau.

Lokacin da Inna da Gwaggo suka daina gaisawa kan shugabancin zumuntar mata, bai tambayi wadda ta fara ba. Bayan sujada ya zaunar da su a gindin mangwaro, ya ajiye faifai ɗaya na gyaɗa.

"Ku ɓare min, 'ya'yana, yatsuna sun tsufa."

Suka hau ɓarewa. Can Gwaggo ta ce, "Ke har yanzu da haƙori kike ɓarewa?" Inna ta jefe ta da ɓawo, tana dariya.

Daga baya na ji ko noman gyaɗa ba ya yi. Saye yake, wataƙila don irin wannan rana.

Wata uku ke nan ba ma magana da yayana. Jiya a kasuwar na auno gyaɗa mudu ɗaya. Yesu ya ba Baba hutawa, ni kuma ya ba ni ƙarfin yin sallama a ƙofar Yaya.