Shekarar da Tire Ya Ƙi Rabuwa

A majalisarmu ta unguwar Nima muna da al'ada ɗaya da muka tarar wurin iyayenmu. Washegarin Babbar Sallah kowa zai kawo nama, mata su yi tuwo da miyar ayoyo, mu ci a manyan tire. Doka ita ce kowane tire mutanensa su yi daidai da na sauran, don kada a ce an cuci wani a nama. Ni ne mai zaunar da mutane, saboda ni tela ne, wai idona ya saba da awo.

Mu talatin ne, kuma talatin lamba ce mai kirki. In tire biyar aka samu, shida-shida. In shida ne, biyar-biyar. Har na ɗauka gwanintata ce.

Sai wata shekara bakina ya ja mini. Abokina tsohon direban trotro, wato motar haya, ya miƙa hannu ya ɗauko tsoka daga gaban wani, na ce da ƙarfi, "Direba, wannan ai ka shiga layin wani!" Aka yi ta dariya, har da surukansa a wurin. Ya wanke hannu ya koma unguwarsu Kotobabi, bai sake leƙo mu ba. Na san na yi kuskure, amma na ce ai wasa ne, shi ne mai ƙaramar zuciya.

Sallah ta zagayo, muka zama ashirin da tara. Na yi biyar-biyar, huɗu suka rage. Na yi huɗu-huɗu, liman ya rage a tsaye. Bakwai-bakwai ma shi ya rage, har ya tambaye ni ko da wata a ƙasa tsakaninmu. Tuwo ya huce muna ta tashi muna zama.

Shekara ta gaba na yi dabara. Na gayyaci wani maƙwabcina mai sayar da albasa, mutumin Nijar, ya cike gurbin. Bawan Allah ya zo da ƙanensa, kuma baƙo ba a korarsa. Talatin da ɗaya. Ita ma ko ta ina na ɓullo sai wani ya rage.

Na kai kukana wurin 'yata, wadda ke koyar da lissafi a Maamobi. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ba laifin idonka ba ne. Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai, sai dai kowa ya ci shi kaɗai, ko duka ku taru a tire ɗaya. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, haka suke tafiya, ba su da ƙarshe."

"To me ya sa duka biyun suka faɗo a kaina?"

"Ashirin da tara da talatin da ɗaya ai tagwaye ake ce musu, lamba ɗaya ce tsakaninsu. Kamar sha ɗaya da sha uku, ko sha bakwai da sha tara. In ka cire uku da biyar, wadda ke tsakiyar tagwayen kullum tana rabuwa shida-shida. Ko tagwayen nan suna ƙarewa, har yau masana ba su tabbatar ba."

"Masana ma sun gaza, balle tela."

"Su nasu da wuya. Naka kuɗin mota zuwa Kotobabi ne kawai."

Da na ji mai albasa da ƙanensa za su tafi gida noma kafin Sallah, sai na sa hula na tafi. Na sami Direba a ƙofar gida yana gyaran rediyo.

"Tela, ka ɓata hanya ne?"

"Direba, na zo ka yafe mini. Maganar nan ba ta dace ba, balle a gaban surukanka."

"Ƙarya kake, tsohon banza. An gaya mini ka bar liman a tsaye. Lissafi ne ya koro ka."

"Shi ya nuna mini hanya, amma ƙafata ce ta zo."

Ya daɗe yana murɗa rediyon da ba ya magana. Can ya ce zai zo, amma tsokar da ya ga dama ita zai ɗauka. Na ce ko ta gabana ce.

Ranar cin tuwo na shirya tire biyar, ina ta fara'a. Sai ga Direba ya shigo da babbar riga, bayansa kuma babban surukinsa.

"A gabansa ka faɗa," in ji shi, "a gabansa za ka janye."

Na janye, kowa yana ji. Sannan na ƙirga kawuna, na sake ƙirgawa. Talatin da ɗaya. Liman ya fara kallona ta gefen ido. Na zaunar da surukin a gurbina, na ɗauki buta ina zagayawa ina zuba wa mutane ruwan wanke hannu. Shida-shida, tire biyar. Direba ya ci rabonsa ya ci nawa, yana kirana in ƙaro masa miya.