Ranar da Malam ya ci miyata

Loma ɗaya Malam ya kai baki, ya ture kwanon. "Ladi, muna Bunkure, tumatir da attaruhu na ruɓewa a bakin kanal ɗin noman rani, ki kawo mini miya kamar ruwan alwala?"

Na leƙa, ashe kwanona ya jawo.

Wannan tun farkon shigowar wayar hannu garinmu ne. Shekara uku ina fama da olsa, likita ya raba ni da yaji da tsami. Maigidan nawa kuma tsufa ya kama shi, ido ya yi rauni, da lalube yake gane kwanonsa. Kullum tukunya biyu nake ɗorawa, tasa ja wur, tawa fara fat. In na ɗanɗana gishirin tasa, yini nake riƙe da ciki.

Na ce, "Tawa ce, Malam. Ga taka nan."

Ya ce, "Wannan kike ci kullum?"

"Ita ce."

Sai ya sake jawo kwanon nawa, ya cinye tas yana yamutsa fuska. "Daga yau tukunya ɗaya. Ni ma yajin ya ishe ni."

Ƙarya yake. Washegari da zan wanke rigarsa na tsinci ƙullin yaji a aljihu. Na ƙara masa, na mayar. Haka muka yi har Allah ya ɗauke shi.

Olsar tana nan, mai ƙullin ne babu. Ku fa, wa ya taɓa cin lami saboda ku?