Hoton Ganɗar Jikar Wanzami

Ban taɓa mantawa da wata Laraba cikin damina ba, ina shekara ta huɗu da kama aiki, ƙaramin jami'i a ɗakin ɗaukar hoto na wani asibiti a Ƙanƙara. Ranar ce likitan kunne da hanci da maƙogwaro yake zuwa daga Katsina, sau ɗaya a wata. Ya turo mini wani tsoho daga Damari, Baba Ilu, da jikarsa Hadiza 'yar shekara bakwai. Yarinyar in ta yi magana sai ta fito ta hanci, ko "baba" ba ta iya faɗa sosai.

Ina cike takarda na tambaye shi ko an taɓa yi mata aiki a baki.

"An cire mata hakin wuya ran suna," in ji shi. "Ni na cire. Wanzami nike."

Lokacin ina da zafin kai, ga ɗanyen ilimi yana ɗibata. Na ajiye biro na yi masa wankin babban bargo a gaban jikarsa, har da cewa irinsu ne ke nakasa 'ya'yan mutane. Bai musa ba.

"Haka ubanta ya ce, ɗan cikina. Shekara ukku ke nan ban taɓa aska ba, shi kuma gaisuwa sai mun gamu masallaci. Na zo in ji ne, ko hannuna ne."

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ganɗa ita ce rufin baki. Gabanta ƙashi ne, bayanta tsoka mai laushi, hakin wuya kuma shi ne ɗan abin da ke reto a ƙarshenta. Idan mutum zai ce "ba" ko "sa", tsokar takan ɗaga ta toshe hanyar hanci don iska ta bi ta baki. Tsoka ba ta fitowa sosai a hoton ƙashi, shi ya sa muke ɗiga wani farin ruwan magani a hanci ya shafe ta. Sai mu ɗauka daga gefe sau biyu, ɗaya mutum yana shiru, ɗaya yana jan "iii".

Hadiza ta ga inji ta ƙi tsayawa. Tsohon ya karɓi rigar dalma mai kare jiki daga hasken injin ya sa, ya durƙusa gabanta.

"Haba amarya, ja mani abin nan. In ba haka ba yau ba ni cin tuwonki."

Ta yi dariya, ta ja, na ɗauka.

Likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo. Tsokar gajeriya ce, ba ta kai bangon maƙogwaro ba. Ya sa safar hannu ya laluba rufin bakinta, ya ce in taɓa ni ma. Akwai ɗan giɓi a ƙashin.

"Baba, aska ba ta kaiwa nan," in ji likitan. "Da tsagar nan aka haife ta, fata ce ta rufe ta. Ana gyarawa, zan rubuta muku takarda. Amma cire hakin wuyan nan a bar shi, ba ya maganin komai, ga haɗarin zubar jini."

Hawaye suka fara bin gemun Baba Ilu. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Da muka fito na durƙusa na ce ya yafe mini.

"Ba komi, yaro. Ni ma haka na zata. Ba ni hoton ga in kai ma ubanta, don in da bakina na hwaɗa mai, ba shi yarda."

Na zagaye wurin a jikin hoton da biro, na rubuta bayani da Hausa a bayan ambulan, na miƙa masa. Ya cusa shi cikin riga saboda ruwan sama, ya ɗora jikarsa a babur.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan. Mutanenmu ba ciwo kaɗai suke kawo mana ba, wani da laifin da aka ɗora masa yake zuwa, ya yi shekaru yana ɗauke da shi. Tun ranar ban sake yanke wa kowa hukunci ba kafin hoto ya fito.