Inda Ruwa Ba Ya Kaiwa

A gidanmu na Hanwa, Kaka ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, garwashi ya lafa. Takan janyo toka gabanta ta baje da tafin hannu, ta ɗauki tsinke tana zana labarin a kai. Sauran yara kan ce "ta zo mu ji ta". Ni kuwa ina ta leƙen murhu, kada zanen wani ya kama wuta.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta bushiya. Bushiya ce za ta yi gida a bakin rafi, tana tsoron ambaliya. Tsohon kwaɗo ya ja mata layi a ƙasa, ya ce iyakar ruwa ke nan, ko'ina sama da shi tudu ne, lafiya lau. Amma bushiya ta dage sai an nuna mata wuri guda. Ta tambayi kurege, ta tambayi zomo, har damina ta same ta a fili.

Na ce, "Kaka, a kan layin fa?"

Ta ce, "Uwar tsoro! In kwaɗo ya ja shi a tsittsinke, ruwa na lasar wurin, ki matsa. In ya ja shi ɗoɗar, zauna abinki."

A shekarun dubu biyu muna Samaru, ina sayar da abinci wa ɗalibai, 'yata Saratu ta dawo makaranta tana kuka. Gobe jarrabawar lissafi, ga takarda mai gida-gida, layi biyu sun gitta juna, an ce ta nuna inda y, wato lambar da ke kan layin tsaye, ya fi biyu. Ta nemi amsa guda ta rasa. Ni kuwa a firamare na tsaya. Na ce ta maimaita mini abin da malaminsu ya faɗa. Ta ce a ja layi a kan biyu, a tsittsinke, tunda biyun ba ya ciki, sannan a shafe gefe ɗaya.

Sai na ga tokar Kaka. Na sa Saratu ta ɗora yatsa a kan uku, na tambaya ko ya fi biyu. Ta ce ya fi. Biyar ma ya fi. Ɗaya bai kai ba. Sai ta shafe saman layin duka da fensir, har da dariya.

Washegari ta dawo tana neman ƙarin tuwo, na san an dace.

Har yau nakan koma in duba ƙofa ko na kulle. Amma na rage neman wuri guda da zan tsaya don kada in yi kuskure. Da ma tudun yana da faɗi, ni ce ban ɗaga kai ba.